Bayan An Miƙa Makulli: Tsokaci Kan Ritaya da Amfanin Mutum

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ma'aikacin albashi ba ya son a yi masa, duk da cewa ya san amsarta tun ranar da aka miƙa masa takardar kama aiki, wato: saura shekara nawa? Ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya ta yanke cewa ma'aikaci zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuwa shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Mu da ke jami'a an ɗan sassauta mana igiya, domin dokar 2012 ta ba farfesa shekara 70, sauran ma'aikata kuma 65. Malaman firamare da na sakandare su ma an yi musu tasu dokar a 2022, wadda ta kai su shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. To amma kome tsawon igiya tana da ƙarshe. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20, ƙa'idar shekara 35 za ta sallame shi yana da 55, da sauran ƙarfinsa da hankalinsa, watakila ma da 'ya'ya a firamare.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu dubi abin da kan biyo bayan wannan rana. Idan an yi walimar bankwana, an ba da agogon bango, an karɓi makullin ofis, mene ne ya rage na mutum? Me jama'a ke binsa, me kuma yake bin jama'a? Tambayar ta shafi ɗalibin da bai ko kama aiki ba kamar yadda ta shafi malaminsa, domin amsar da mutum ya ba ta ita ce ke tsara yadda zai riƙe aikin tun daga farko.

Baƙuwar Kalma

Ritaya da fansho da garatuti duk kalmomin aro ne daga Ingilishi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa al'adar baƙuwa ce. Bahaushe ya san murabus, amma wannan ta masu sarauta ce, kuma galibi ba a son ransu take zuwa ba. Ya kuma san tsufa da gajiya. Abin da bai sani ba kafin zuwan aikin Bature shi ne a sa wa mutum rana a takarda, a ce daga yau ka gama. Ko a Turai ma abin ba daɗaɗɗe ba ne ƙwarai: a 1889 ne Jamus, a zamanin Bismarck, ta kafa tsarin fanshon tsufa na ma'aikata, aka kuma sa shekara 70 a matsayin lokacin fara karɓa.

Mu dubi maƙeri. In ƙarfinsa ya ja baya, yakan bar wa ɗansa masaba, jikansa ya kama zuga-zugi, shi kuwa ya koma gefe a kan buzu. Amma idonsa na kan ƙarfen da ke cikin wuta, kuma shi ne zai ce a ciro ko a ƙara zuga. Tsohon marini ko da ya daina sunkuyawa bakin karofi, da ganin kumfar baba ya san ko ta nuna. Manomi yakan danƙa gandu a hannun babban ɗansa, amma shi ake tambaya ko wannan ruwan na shuka ne ko na yaudara, shi ke kuma zaɓen zangarniyar da za a ajiye don iri. A duk waɗannan sana'o'i aiki kan tashi daga damtse ya koma ido da baki, sannu a hankali, ba wanda zai iya nuna ranar da abin ya faru. Haka mawaƙa: Alhaji Mamman Shata bai san ranar ajiye waƙa ba har kusan rasuwarsa a 1999, kuma Malam Aliyu Namangi ya tsufa jama'a na zuwa sauraronsa.

Bambancin a fili yake. Sana'a mallakar mai ita ce, muƙami kuwa aro ne, kuma masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Matsalar ita ce aron ofis yakan daɗe a jikin mutum, shekara 30 ko fiye, har ya manta akwai mai shi.

Abin da Ake Karɓewa

A ganinmu abubuwa uku ake karɓewa tare da makulli, kuma ɗaya kawai daga ciki ake yi wa tanadi.

Na farko shi ne albashi, wanda kowa ya sani, za mu kuma dawo kansa. Na biyu shi ne tsarin yini. Shekara da shekaru ofis ne ke gaya wa mutum lokacin tashi da na wanka da na dawowa, shi ke bambanta masa Litinin da Asabar. Idan aka cire wannan, makon farko daɗi ne da shi, na biyu ma haka. A wata na uku sai ka ga dattijo ya yi wanka tun da safe, ya sa babbar riga, ya fito ƙofar gida ya zauna ba tare da ya san inda za shi ba. A cikin gida kuma uwargida, wadda ta saba da mulkin tsakar gidanta daga safe zuwa la'asar, sai ta wayi gari da wani sabon darakta mai ƙirga cokulan manja.

Na uku, wanda ya fi sauran ciwo, shi ne gaisuwa. Masinjan da ke rugowa ya karɓi jaka, ɗan kwangilar da ke zuwa da rago da Sallah, ɗan'uwan nesa da ke bugo waya kowane ƙarshen wata, duk sai su ɗauke ƙafa. A nan ne mutum ke gane cewa yawancin "ranka ya daɗe" ɗin da ya sha, kujerar ake gaya wa, shi dai ya zamo a kanta ne lokacin da aka faɗa. Masu nazarin adabi sun san wannan ciwo a wasan Shakespeare na Sarki Lear. Tsohon sarkin ya raba ƙasarsa don ya huta, amma ya so ya riƙe suna da fadanci da barade 100. Da 'ya'yansa mata biyu suka fara rage masa baraden, sai hankalinsa ya fara gushewa, domin bai taɓa sanin kansa ba sai a cikin idon masu rusuna masa. Laifin 'ya'yan a bayyane yake, amma tsohon ma ya nemi abin da ba ya yiwuwa: ya sauke kaya, ya kuma ci gaba da karɓar ladan dako.

Haƙƙin da Yake Bin Jama'a

Kafin mu gaya wa mai ritaya abin da ya kamace shi, adalci ne mu faɗi abin da yake bi bashi. Ba a yi wa mai jin yunwa falsafa. Fansho ba sadaka ba ce. Wani yanki ne na ladan aikin da aka riga aka yi, aka jinkirta biyansa. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 173 da na 210, ya kare haƙƙin fanshon ma'aikatan tarayya da na jihohi, ya kuma ce a riƙa sake duba shi duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashi. A 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo, dokar 2014 kuma ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. A takarda abin ya tsaru. Amma duk mun ga dattawa a layin tantancewa, riƙe da tsofaffin takardu a leda, suna tabbatar wa yaran da suka haifa cewa har yanzu suna da rai. Mun kuma ga yadda tsadar kaya, musamman bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, ta cinye kuɗin da aka yi shekaru ana tarawa.

Wannan ba tsofaffi kaɗai yake cuta ba. A 1975, lokacin mulkin Janar Murtala Muhammed, an sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, wasu da laifi, wasu kuwa tsautsayi ne ya faɗa musu. Masana da dama na ganin tun daga nan ma'aikacin Nijeriya ya ɗauki darasin cewa kujera ba ta da tabbas, gara ya yi wa kansa tanadi ta kowace hanya. Ƙaramin akawun da ya ga tsohon shugabansa yana roƙon kuɗin mota a bakin sakatariya, ba ya bukatar wani ya fassara masa karin maganar gemu da ruwa. Daga nan ne ake samun rage shekarun haihuwa a fayil, da cusa hannu a baitulmali da sunan tanadin gobe. Ba mu ce tsoron talauci ya halatta sata ba. Mun dai ce hukumar da ta wulaƙanta tsoffin ma'aikatanta tana koya wa sababbi rashin amana da hannunta.

Ina ne Gida?

Mu Hausawa da aiki ko karatu ya kawo kudancin ƙasar nan muna da wata tambaya ta daban da ke jiranmu a ranar: ina za a nufa? Gidan ma'aikata ba gado ba ne, za a ba da wa'adi a ce a tashi. Baki yakan yi saurin cewa, "Sai gida," amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya yi shekara 30 yana zuwa garinsu da Sallah kawai, zai tarar abokan ƙuruciyarsa wasu sun rasu, wasu kuma sun saba da zama ba shi. An raba gona, an yi sulhu, an ƙulla aure, duk a bayan idonsa. Zai zauna a majalisa ana dariyar abin da bai san tushensa ba. 'Ya'yansa kuwa, waɗanda Yarbanci ko Ibo ya zauna a bakinsu tun suna rarrafe, baƙi ne a garin ubansu.

In kuma ya ce zai zauna inda ya yi aiki, sai a tambaye shi: wa ka sani a wajen harabar ma'aikata? A nan akwai abin koyi a wurin 'yan'uwanmu na zango. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, da irinta a Shagamu da Agege, sun rayu a kan cinikin goro da shanu da kuma tsarin maigida, wato mai saukar baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce shi a bashi. Irin wannan maigida tsufa ƙara masa daraja yake yi, domin jarinsa shi ne mutanen da ya sani da amanar da aka san shi da ita, kuma waɗannan ba a karɓe su da takarda. Da yawa daga cikinmu 'yan boko ba ma shiga Sabo sai don sayen tsire ko canjin kuɗi. Ranar da za mu bukaci majalisar zama da masu ɗaukar gawarmu, can ɗin ne dai za a dosa.

Saboda haka zaɓi tsakanin komawa da zama ba shi ne muhimmi ba. Gida shi ne inda za a lura in mutum bai fito ba kwana biyu, kuma irin wannan wuri gina shi ake yi da ƙafa: zuwa suna, zuwa ta'aziyya, duba mara lafiya, zama a yi hirar da ba ta da wata riba. Ga alama wannan ne ya sa mata da yawa ke sauka daga aiki da sauƙi fiye da maza. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya, duk yawan aikinta, ba ta yanke biki da adashi da ƙawance ba, don haka ranar da ta bar ofis ta tarar da jama'arta na nan. Namiji kuwa sau da yawa abokan aikinsa su ne kaɗai abokansa.

Da Tsohuwar Zuma

Yanzu sai mu zo ga abin da jama'a ke bin mai ritaya. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya ƙare ranar sallama yarjejeniya ce tsakanin mutum da wanda ya ɗauke shi aiki. Ilmin da ya tara, wanda da dukiyar jama'a aka koya masa shi, har yanzu jama'a na da rabo a ciki.

Tarihi ya nuna mana waɗanda suka fahimci haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bayan an ci Alƙalawa a 1808, bai rungumi harkar mulki ba. A 1812 ya raba ɗawainiyar ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya ci gaba da karantarwa da wallafa a Sifawa, daga baya a Sakkwato, har rasuwarsa a 1817. Ya koma ga abin da yake yi tun kafin mulki ya zo. Julius Nyerere na Tanzaniya ya sauka daga shugabanci da kansa a 1985, ya koma ƙauyensu Butiama yana noma, daga baya kuma aka nemi ya shiga tsakani a rikicin Burundi.

Misalin da ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne na Jimmy Carter na Amurka. Shi ba don son ransa ya sauka ba, kayar da shi aka yi a zaɓen 1980. Ya koma ɗan ƙaramin garinsu Plains yana da shekara 56, a 1982 kuma ya kafa cibiyarsa. Daga 1986 cibiyar ta sa ciwon kurkunu a gaba, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi a shekara a Afirka da Asiya. A Nijeriya kaɗai, binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ya gano masu ciwon fiye da 650,000. Ba allura ba ce ta kawar da shi, ba kuma ƙwaya ba: tace ruwan sha da ƙyalle ne, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, ƙauye bayan ƙauye. Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma aka hamɓarar a 1975 ya koma ɗalibi a Jami'ar Warwick ta Ingila, ya shiga wannan aiki yana bin ƙauyuka da ofisoshin gwamnoni. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kuɓutar ƙasar a 2013. Carter ya rasu a 2024 yana da shekara 100. Manomin da ya daina rasa damina saboda kurkunu bai san dokokin da mutumin ya sa wa hannu a fadar mulki ba. Aikin bayan saukarsa ne ya iso gonarsa.

Mai karatu na iya cewa waɗannan manya ne, masu suna da hanyar kuɗi. Gaskiya ne, amma abin lura shi ne ƙanƙantar aikin da suka sunkuya suka yi, kuma irinsa na nan a kowace unguwa. Tsohon akawu zai iya riƙe littafin kuɗin ƙungiyar unguwa yadda ba za a yi rigima ba. Tsohon ma'aikacin kotu zai iya gaya wa bazawara ƙofar da za ta bi don karɓar haƙƙin marayunta. Tsohuwar ungozomar asibiti ta san alamun da in an gan su a jikin mai ciki ba a kwana a gida. Tsohon malami zai iya tara yara biyar a zaure bayan la'asar, yaran da aka haifa a nan kudu, masu jin Hausa amma ba su iya rubuta ta ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a buga a jarida, amma unguwa takan san ranar da ta rasa mai yin su.

Sai dai akwai sharaɗi. Unguwa ba ma'aikata ba ce, kuma ba ta da masinja. Wanda ya shigo taron masu unguwa da muryar babban sakatare, yana neman a miƙe masa, yana gyara wa kowa magana, ba da jimawa ba za a daina sanar da shi ranar taro. Wanda ya saba a saurare shi dole ya koyi sauraro, ya kuma yarda cewa mai shayin bakin titi ya fi shi sanin unguwar. Haka nan amfanar jama'a dabam yake da ƙin sakin wuri. Dattijon da ya bar kujera amma yana aiko da umarni ta bayan fage, ko yake ta neman a ƙara masa wa'adi alhali ga matasa da takardunsu suna jira, wannan bai koyi darasin maƙeri ba, wanda ya miƙa masaba da gaske.

Akwai kuma wata ƙalubala da ba za mu tsallake ba. Idan muka ɗaura darajar mutum a kan amfaninsa, ina matsayin wanda ciwo ya kwantar, ko wanda tsufa ya ɗauke wa tunani? Shin shi ya tashi daga mutum ke nan? Ko kusa. In muka yarda da haka mun koma ga kuskuren ofis, mun dai sauya ma'auni kawai. Amfani bashi ne a kan mai iko, gwargwadon ikonsa. Daraja kuwa tana tare da mutum ko ya iya ko bai iya ba. Wanda ya gaji yana da haƙƙin ya huta ba tare da jin kunya ba, wanda ya kwanta kuma yana da haƙƙin a kula da shi ba tare da gori ba. Hasali ma, yaran da suka ga yadda ake jinyar kakansu suna ɗaukar karatun da ba a bayarwa a aji, kuma da shi za su yi wa iyayensu hukunci in lokaci ya yi.

Kammalawa

Mun ga cewa ritaya baƙuwar al'ada ce da ta zo da aikin albashi, tana karɓe kuɗi da tsarin yini da gaisuwa a rana guda. Mun ga cewa hukuma na da nauyin biyan haƙƙi a kan kari, mai ritaya kuma na da nauyin mayar wa jama'a abin da ya sani, cikin tawali'u. Abin da ya rage shi ne lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai san maƙwabcinsa ba yana da shekara 45, da wuya ya san shi yana da 65, kuma wanda bai taɓa yin wani aiki don Allah da jama'a ba sai don albashi, hannunsa ba zai saba a dare ɗaya ba.

Ga abokan aiki, musamman mu da muka wuce rabin wa'adi, shawararmu ita ce kowa ya tambayi kansa: in aka cire sunan muƙamina daga ƙofa, mutum nawa ne za su ci gaba da ƙwanƙwasa ta? Ga ɗalibanmu kuwa, waɗanda hankalinsu ke kan takardar kama aiki, muna cewa ku neme ta da ƙwazo, ku riƙe ta da amana, amma ku koyi wani abu da hannunku wanda ba mai iya karɓewa, kada kuma ku yanke ƙafa daga unguwa. Allah ya sa mu gama lafiya, ya kuma sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau.